Sadarwar Wayoyi Ba Turke a Mina da Arfa: Cunkoso Gata ne ko Cikas?

Daga 8 zuwa 13 ga watan Zulhajji, jama'ar da ta kai yawan mutanen babban birni takan tashi lokaci guda, ta sauka lokaci guda, tsakanin Mina, Arfa da Muzdalifa. A 2019 hukumomin Saudiyya sun ƙidaya alhazai kusan miliyan biyu da rabi, a 2024 kuma miliyan 1.83, kuma mafi yawansu da waya a jikinsu. Kamfanonin stc, Mobily da Zain ne ke ɗauke da wannan nauyi, da turakun sadarwa na dindindin, da na wucin gadi da ake jawowa a kan motoci, da ƙananan eriyoyi da ake maƙalawa a cikin manyan gine-gine. Duk kiran da alhaji ya yi, ko da wanda yake nema yana tanti na gaba, sai ya hau turke ya ratsa na'urorin kamfani kafin ya sauko.

Akwai wani tsari dabam wanda babu turke a cikinsa. Kowace waya tana magana da wayoyin da ke kusa da ita ta Bluetooth ko Wi-Fi, kuma idan saƙon ba nata ba ne sai ta miƙa shi gaba, har ya isa ga mai shi. Wanda ya taɓa tura fim ta Xender ya san taki na farko na wannan tsari, wato waya da waya ba kati ba data. Abin da aka ƙara shi ne miƙawar. Ya yi kama da masu isar da kabbara a babban filin Idi: muryar liman ba ta kai sahun baya, amma wanda ya ji yakan ɗaga murya don na bayansa, kuma idan aka sami giɓi mai faɗi tsakanin sahu da sahu, ko masu isarwar suka yi yawa har muryoyinsu suka cakuɗe, na baya sai su rasa inda liman yake. Hukumar binciken sojin Amurka ta fara gwada irin wannan sadarwa da rediyo tun 1973. Ta shiga hannun jama'a da manhajar FireChat a zanga-zangar Hong Kong ta 2014, sai Bridgefy bayanta, sai Bitchat a 2025. Muhawarar ita ce ko ya dace a dogara da ita a wuraren ibadar Hajji, kuma amsar ta rataya ne a kan yadda siginar rediyo ke tafiya a tsakanin mutane, tantuna da duwatsu.

Kafin a saurari ɓangarorin biyu, sai an san abin da ke sa waya biyu su ji juna. Na farko nisa ne. A sararin da babu komai, idan aka ninka nisa sau biyu, ƙarfin sigina yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kusa da ƙasa, inda siginar da ta bugi ƙasa ta dawo ke karo da wadda ta zo kai tsaye, raguwar tana iya kaiwa kashi ɗaya cikin goma sha shida idan tazarar ta yi tsawo. Na biyu shi ne abin da ya shiga tsakani. Bluetooth yana aiki a zangon gigahaz 2.4, haka ma Wi-Fi na waya sau da yawa, kuma ruwa yana shanye sigina a wannan zango. Jikin ɗan Adam kuwa fiye da rabinsa ruwa ne, don haka mutum ɗaya da ya gitta tsakanin wayoyi biyu yana iya rage ƙarfin siginar sau goma ko fiye. Na uku shi ne sigina ba ta bin hanya ɗaya. Tana bugun bango, ƙarfe da jikin mota, ta iso a rarrabe, wani sashe ya ƙarfafa wani, wani ya kashe wani. Da yake tsawon igiyar a wannan zango kusan santimita 12 da rabi ne, matsar da waya da faɗin tafin hannu kaɗai na iya mayar da sigina mai kyau ta zama babu. A ƙarshe, ƙarfin siginar shi kaɗai ba ya wadatarwa. Abin da ke yanke hukunci shi ne yadda ta fi ƙarfin hayaniyar sauran na'urorin da ke magana a zango ɗaya a daidai wannan lokaci.

Masu goyon bayan sadarwa marar turke sun fara ne da hujjar yawa. Tun 1961 masanin lissafi Edgar Gilbert ya nuna cewa idan aka warwatsa na'urori a fili, kowacce tana jin waɗanda ke cikin da'irarta, akwai iyakar da in aka tsallake ta ƙananan gungu ke haɗewa su zama babbar sarƙa ɗaya. Lissafin da aka yi daga baya ya sa wannan iyaka a wajen maƙwabta huɗu da rabi ga kowace na'ura. Matsalar irin wannan sadarwa a yawancin wurare ita ce ba a samun maƙwabtan. A Mina kuwa, inda aka jera tantuna fiye da dubu ɗari a cikin kwari ɗaya, maƙwabta sun yi yawa har sun wuce buƙata. A ganinsu, in akwai wuri ɗaya a duniya da wannan tsari ya kamata ya yi aiki, to nan ne, domin cunkoson da ke shaƙe turke shi ne ke ƙara wa sarƙar ƙarfi.

Hujjarsu ta biyu ta fi kusa da rayuwar alhaji. Babban abin da ke tayar da hankalin alhazan Najeriya da Nijar a waɗannan kwanaki shi ne ɓata: tsohuwar da ta fita banɗaki ta kasa gane tantin jiharta, mijin da turmutsutsu ya raba da matarsa a hanyar jifa. Saƙon da suke buƙata gajere ne, “kina ina”, “ina bakin ƙofa kaza”, kuma sau da yawa wanda ake nema bai wuce mita ɗari biyu ko uku ba. Irin wannan saƙo yana gogayya a kan turke ɗaya da dubban kiran bidiyo da ake yi zuwa gida ranar Arfa. Ga kuma alhajin da layinsa na Saudiyya bai fara aiki ba, ko datarsa ta ƙare, ko layinsa na gida ya yi masa tsada. Sadarwa marar turke ba ta tambayar layi ko kuɗi. Suna kuma tunatar da cewa turke yana rayuwa ne da wuta da wayoyin ƙarƙashin ƙasa, kuma mutanen Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato sun ɗanɗana a 2021 yadda rayuwa ke tsayawa idan aka kashe shi.

Suna da wasu hujjoji biyu na bincike waɗanda suka saɓa wa abin da hankali ke fara ɗauka. A 2005 Christian Bettstetter da Christian Hartmann, sannan Ramin Hekmat da Piet Van Mieghem na jami'ar Delft a Holan, sun nuna cewa idan ƙarfin sigina yana hawa da sauka ba bisa ƙa'idar nisa kaɗai ba, haɗuwar sarƙar gaba ɗaya tana iya ƙaruwa. Wasu maƙwabta na kusa sukan ɓace, amma ana samun wasu na nesa da sigina ta yi sa'ar kaiwa gare su, kuma waɗannan dogayen hanyoyi ne ke ɗinke gungu da gungu. Sai kuma motsi. A 2002 Matthias Grossglauser da David Tse sun nuna cewa idan na'urori suna yawo, kuma saƙo zai iya jira, waya tana iya riƙe saƙo ta tafi da shi a jikin mai ita har ta kusanci wanda aka aika wa. Hajji kuwa motsi ne mai tsari: ayari-ayari ake fita jifa bisa jadawali, kuma jirgin ƙasa na Masha'ir, wanda ya fara aiki a 2010 da tashoshi tara a kan layin kilomita 18, yana kwasar mutane daga wannan wuri zuwa wancan.

Masu adawa ba su musanta lissafin Gilbert ba. Abin da suke tambaya shi ne faɗin da'irar. Nisan da ake rubutawa a tallar manhaja a fili aka auna shi, waya tana ganin waya. A Mina namiji yana cikin harami, ba aljihu, wayarsa na cikin ɗamarar ƙugu ko jakar wuya. Mace tata na cikin jaka ƙarƙashin hijabi. Eriyar ke nan tana manne da jiki, a tsayin ƙugu, kewaye da wasu jikkuna. A ɗauki misali don lissafi: mutum ɗaya a kowane murabba'in mita, kuma mutum ɗaya cikin hamsin ne ya kunna manhajar. Idan sigina tana kai mita goma, da'irar ta ƙunshi mutane 314, wato maƙwabta shida, sarƙa ta haɗu. Idan jikin mutane ya rage nisan zuwa mita biyar, da'irar ta koma mutane 78, maƙwabta ba su kai biyu ba, sarƙa ta tsinke. Rage nisa da rabi yana cinye kashi uku cikin huɗu na maƙwabta. Kuma lokacin da aka fi buƙatar saƙo ya fita, kamar turmutsutsun da ya faru a Mina ranar 24 ga Satumba 2015 a mahaɗar titi na 204 da na 223, inda hukumomin Saudiyya suka ce mutum 769 sun rasu, ƙididdigar da aka haɗa daga alƙaluman ƙasashe kuma ta haura 2,000, ciki har da 'yan Najeriya fiye da ɗari biyu, shi ne lokacin da jiki ke matse da jiki har ba mai iya ɗaga hannu, balle waya.

Idan kuma aka ce to kowa ya kunna manhajar don maƙwabta su yawaita, sai matsala ta biyu ta taso, kuma ita ce mafi nauyi a duk muhawarar. Zangon gigahaz 2.4 na kowa ne, ba mai lasisi, ba mai raba layi. Wi-Fi yana da tashoshi uku ne kacal a cikinsa da ba sa shiga juna, Bluetooth mai ƙarancin cin batir kuma yana sanar da kansa ne a tashoshi uku cikin arba'in. A nan agogon hannu, abin saƙalawa a kunne, Wi-Fi na sansanoni da na wayoyin da ke raba data duk suke magana. Kowace waya da aka ƙara maƙwabciya ce, kuma mai hayaniya ce. Ƙa'idar da na'urori ke bi a Wi-Fi ita ce su saurara kafin su yi magana, amma tun 1975 Fouad Tobagi da Leonard Kleinrock suka bayyana rauninta: wayoyi biyu da ba sa jin juna za su iya yi wa ta tsakiyarsu magana tare, ta kasa fahimtar ko ɗaya. A cikin taron da jiki ke tare sigina, irin waɗannan ɓoyayyun maƙwabta su ne mafi yawa. Ƙari a kan haka, hanya mafi sauƙi ta isar da saƙo ita ce kowa ya maimaita abin da ya ji, kuma a wuri mai cunkoso saƙo ɗaya yakan haifi ɗaruruwan kwafi masu karo da juna. A 2000 Piyush Gupta da P. R. Kumar sun tabbatar da lissafi cewa a irin wannan sadarwa, rabon da kowace na'ura ke samu yana raguwa yayin da na'urori ke ƙaruwa, domin kowacce tana kashe mafi yawan lokacinta wajen ɗaukar kayan wasu. Na'urori sau ɗari, rabon kowa ya ragu sau goma ko fiye.

Sai batun yawan taki. Idan kowane taki mita goma ne, kilomita ɗaya taki ɗari ke nan, alhali tsakanin tantunan gefen Mina da Jamrat tafiyar kilomitoci ce. Ko da kowane taki yana nasara sau tara cikin goma, bayan taki ashirin saƙo 12 ne cikin ɗari ke isa in ba a sake aikawa ba, sake aikawa kuma ƙarin hayaniya ne. Shi ya sa Bitchat ta tsayar da saƙo a taki bakwai. Gwajin Roofnet da jami'ar MIT ta yi da na'urori 38 a kan rufin gidaje a Cambridge ta Amurka ya nuna a 2004 cewa hanyoyi da yawa ba masu kyau ba ne kuma ba matattu ba, suna tsaka-tsaki, suna zubar da wani kaso na saƙonni. Na'urorin nan a kafe suke, a sama, da wuta. Wayar alhaji tana tafiya, tana ƙasa, batirinta na ƙarewa.

Game da hujjar dogayen hanyoyi na sa'a, amsar masu adawa tana da ƙarfi. Lissafin da ya samar da ita ya ɗauka cewa kowace hanya sa'arta dabam, ba ruwanta da ta kusa da ita. Ƙasar Makka ba haka take ba. Mina kwari ne tsakanin duwatsu, ana shigarsa ta ramukan da aka huda a cikin dutse, irin na Mu'aisim inda mutum 1,426 suka rasu a 1990. Gadar Jamrat da aka sake ginawa bayan 2006 hawa-hawa ce ta kankare. Dutse ko dakalin kankare ba waya ɗaya yake tarewa ba, duk waɗanda ke bayansa yake yankewa gaba ɗaya. Yadin tantunan da aka kafa bayan gobarar 1997 ba ya tare sigina sosai, amma ginshiƙansu da na'urorin sanyaya ɗaki ƙarfe ne, haka ma jerin motocin bas da ke cika hanyar Muzdalifa. Turke kuwa yana sama da kawunan mutane, yana amfani da zangon da kamfani ya mallaka shi kaɗai, har da ƙananan zanguna na megahaz 700 zuwa 900 masu ratsa jiki da bango fiye da na Bluetooth, kuma shi ke raba wa kowace waya lokacin maganarta.

Akwai kuma abubuwan da ba na sigina ba amma suna kashe sarƙar. Wayar da ke miƙa saƙon wasu ba ta barci, kuma wurin caji a tanti ya yi kaɗan ga masu buƙata. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, alhali Apple ya ce a yi amfani da wayoyinsa a ƙasa da digiri 35. Waya mai zafi takan rage aiki ko ta kashe kanta. Dattawa da yawa, waɗanda su ne suka fi ɓata, ƙaramar waya mai madannai suke riƙewa, wadda ba ta ɗaukar manhaja. A 2020 masu bincike a Royal Holloway ta jami'ar Landan sun gano cewa ana iya karanta saƙonnin Bridgefy, a yi shigar burtu da sunan wani, ko a durƙusar da sarƙar da saƙo ɗaya. Kamfanin ya yi gyara daga baya, amma darasin ya fi tsanani a Hajji, domin jita-jitar cewa an rufe hanya kaza, idan ta yaɗu ba mai tantancewa, tana iya juya ayari ya yi karo da wani.

Idan aka auna, kowane ɓangare ya yi gaskiya a kan nau'in saƙon da yake tunani a kai. Ga murya, hoto da bidiyo, da duk abin da dole ya isa nan take, masu adawa sun yi rinjaye, kuma babu dabarar manhaja da za ta sauya yadda jiki ke shanye sigina. Ga ɗan gajeren saƙo mai iya jira kuwa, hujjar masu goyon baya ba ta faɗi ba. Shaidarta tana hannun mutane tuni: AirTag, ƙaramin abin gano kayan da suka ɓata wanda Apple ya fitar a 2021, ba ya miƙa saƙo taki-taki ko kaɗan. Yana fitar da 'yar sanarwa ta Bluetooth, duk wayar iPhone da ta wuce ta ji, sai ta kai rahoto ta intanet. Taki ɗaya ne a ƙasa, sauran tafiyar ta turke. Wannan tsari yana cin ribar cunkoso ba tare da biyan kuɗinsa ba, domin ko waya casa'in da tara sun kasa ji, ta ɗari ta isa. Hujjar Zamfara kuwa tana da rauni a bakin masu kawo ta, domin ƙauyukan can sun yi wa juna nisan da Bluetooth ba zai taɓa ɗinkewa ba, kuma ba a kashe turakun Mina lokacin Hajji.

Saboda haka abin da ya fi dacewa hukumomin alhazai irin su NAHCON da hukumomin jihohi su nema shi ne tsari mai gauraye, kuma da izinin hukumar sadarwa ta Saudiyya, wadda ke iko da zangunan rediyo a ƙasar. A rage yawan masu miƙawa maimakon a ƙara shi: na'urar miƙa saƙo a kan sandar tutar da jagoran ayari ke ɗagawa, da wasu a saman ƙofofin sansani, za su yi aikin da wayoyi ɗari a ƙugu ba za su yi ba, don kawai sun fi kawunan mutane tsawo. Alhazai kuma su ɗauki ƙaramar alama mai sanarwa kaɗai, wadda ta dace da tsohuwar da ba ta iya latsa waya, a haɗe da katin shaidar alhaji na Nusuk ko abin hannu. Rediyon jami'an tsaro irin na TETRA ya daɗe da wannan tunani: yana aiki ta turke, amma yana da yanayin da rediyo biyu ke magana kai tsaye idan turke ya ɓace. Duk wanda ya zo sayar da irin wannan tsari, a tambaye shi inda ya auna nisan siginarsa. Gwajin da aka yi a farfajiyar ofis ko a sansanin alhazai da ba kowa ba ya nuna komai. Wanda zai yi amfani shi ne na cikin taro, na'ura a jikin mutum yana tafiya, da tsakar rana.

Akwai rukuni ɗaya da muhawarar ta fi mantawa da shi. Cikin mutum 1,301 da ministan lafiya na Saudiyya ya ce sun rasu a Hajjin 2024, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, kuma sun yi doguwar tafiya a rana ba mafaka. Wanda ya kauce wa babbar hanya, ko ƙarfinsa ya ƙare aka bar shi a baya, yana wurin da maƙwabta suka fi ƙaranci, kuma idan ya kwanta wayarsa ta koma ƙasa inda sigina ta fi saurin mutuwa. Sadarwar da ta dogara da cunkoso ba ta kai wa gare shi. Abin da ke iya kaiwa shi ne turke mai tsawo, ko rediyo mai dogon zango irin LoRa, wanda ke aiki a ƙasa da gigahaz ɗaya, yana tafiyar kilomitoci da ɗan ƙaramin batir, da sharaɗin saƙon bai wuce 'yan kalmomi ba kuma masu aikawa lokaci guda ba su yi yawa ba. Wayoyin da ke hannun alhazai ba su da wannan rediyo a cikinsu, sai an raba shi a matsayin na'ura ta dabam, kuma wanda ya shigo ba izini ba ya cikin jerin waɗanda za a raba wa.